Tsuntsaye da Ƙudan Zuma: Tarihin Wata Kinayar Turawa

 

Duk wanda ke zama da 'ya'yanmu masu karatun boko a Kumasi ko Tamale ko Nima, ko yake leƙa finafinan Amurka, wataƙila ya taɓa cin karo da wata magana ta Turawa. Idan yaro ya fara tasawa, sai uwa ta ce wa uba lokaci ya yi da zai zaunar da shi ya yi masa bayanin "tsuntsaye da ƙudan zuma". Mai jin Turanci sama-sama sai ya zaci darasin kiwo za a yi. Alhali abin da ake nufi shi ne a faɗa wa yaro yadda ake samun ciki da haihuwa.

Ɗalibanmu da suka fara balaga ta Larabci, wato ilmin fasaha, sun san sunan wannan salo: kinaya. Ka ambaci wani abu kana nufin abin da ke biye da shi, kamar yadda Balarabe ke cewa wane mai yawan toka ne, yana nufin mai karamci, tunda inda ake yawan girki don baƙi nan toka ke taruwa. To ina alaƙar tsuntsu da zuma da haihuwar ɗan Adam? Wane ne ya haɗa su? Tarihin abin yana da ban sha'awa, kuma akwai abin da zai nuna mana game da gidajenmu.

Wuraren da ake jingina maganar

Masu bin asalin kalmomin Turanci sukan fara da wani Baturen Ingila, John Evelyn, wanda ya ziyarci birnin Rum a 1644. A littafin da yake rubuta abubuwan da ya gani kullum, ya siffanta wata babbar alfarwar tagulla da ke tsakiyar cocin Bitrus, aikin magini Bernini, ya ce an ƙawata ginshiƙanta da sassaƙen jarirai masu fukafukai da tsuntsaye da ƙudan zuma. Ba a buga littafin ba sai 1818. Wasu suka ce ga jarirai ga tsuntsaye ga zuma a wuri guda, ke nan daga nan maganar ta fito. Amma zuman nan da dalilinsa: ƙudan zuma su ne tambarin gidan Barberini, dangin Paparoma Urban na takwas wanda ya ba da aikin. Sa hannun mai kuɗi ne, ba ruwansa da haihuwa.

Na biyu shi ne mawaƙin Ingila Samuel Coleridge. A watan Fabrairun 1825 ya rubuta gajeriyar waƙa da ya ambaci zuma da tsuntsaye a jere, yana siffanta lokacin da sanyi ke wucewa halittu suka tashi neman abinci da abokan zama. Waƙar baƙin ciki ce, mutum yana kukan cewa kowa na aiki shi yana zaune. Ba a rubuta ta don yara ba.

Na uku Ba'amurke ne mai nazarin dabi'ar halittu, John Burroughs. A 1887 aka tara wasu maƙalunsa a ɗan littafi don 'yan makaranta, aka sa masa suna Tsuntsaye da Ƙudan Zuma. Littafin yana maganar sheƙa da amya ne kawai. Amma ya shiga azuzuwa da yawa, kunnen yara da na malamai ya saba da jin kalmomin biyu tare. Ga shi kuma a Turanci duka biyun da harafi ɗaya suke farawa, harafin "b", suna da daɗin faɗa. Mu ma mun san yadda karin magana ke zama a baki idan sautinta ya dace.

Waɗannan ukun sun ba da lafazi. Ma'anar kuwa ta wata hanya ta biyo, kuma hanyar ta fara ne daga gona.

Daga dabino zuwa fure

Mutanen ƙasashen dabino sun daɗe da sanin cewa itace ma yana da namiji da mace. Manomi kan hau namijin dabino ya yanko furensa, ya kai wa macen ya kaɗa mata garin, in ba haka ba 'ya'yan ba za su yi kyau ba. Theophrastus, almajirin Aristo, ya rubuta wannan tun ƙarni na huɗu zuwa na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Larabawa suna kiran aikin ta'abir. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yin sa. Imamu Malik ma ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin wanda ya sayar da dabinon da aka riga aka yi wa ta'abir: 'ya'yan na mai sayarwa ne, sai in mai saye ya sharɗanta. Har yau haka manoman dabino ke yi a Ingal da Bilma a Nijar.

Malaman Turai sun jima kafin su gane cewa abin bai tsaya ga dabino ba. A 1694 wani likita Bajamushe, Camerarius, ya gwada a garin Tubingen: ya cire sassan fure masu fitar da gari, sai ya ga iri bai ƙullu ba. A 1735 Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya kasa tsirrai gida ashirin da huɗu bisa adadin waɗannan sassa da tsarinsu, kuma ya yi amfani da harshen aure: wannan fure mata ɗaya da miji ɗaya, wancan mata ɗaya da maza biyar. Wani malamin tsirrai a birnin Fitasbag na Rasha, Siegesbeck, ya fito a 1737 ya ce wannan batsa ce, bai kamata a koya wa matasa ba. Duk da haka tsarin ya bazu, har a 1789 Erasmus Darwin, kakan Charles Darwin, ya rubuta doguwar waƙa a kan soyayyar tsirrai.

A 1793 maganar zuma ta fito fili. Christian Sprengel, shugaban wata makaranta kusa da Balin, ya shafe shekaru yana duban furanni, ya wallafa littafi yana bayyana cewa launin fure da ƙamshinsa da ruwan zaƙin da ke cikinsa duk kiran ƙwari ne. Ƙudan zuma ya zo shan zaƙi, garin fure ya manne masa a jiki, ya tashi ya sauka kan wani fure, iri ya ƙullu. Mutanen zamaninsa ba su kula shi ba, sai da Charles Darwin ya tabbatar da maganarsa bayan shekaru kusan saba'in.

Kun ga ke nan kafin tsakiyar ƙarni na 19 Bature ya samu misalai biyu da zai iya faɗa a gaban kowa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Tsuntsu ya ba shi ɓangaren uwa: sheƙa, ƙwai, kwanci, ƙyanƙyasa. Zuma da fure suka ba shi ɓangaren uba: wani abu da ake ɗaukowa daga nan a kai can.

Zamanin da aka rufe baki

Me ya sa aka buƙaci misalan? Domin zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, masu hali a Ingila da Amurka sun mai da ambaton jiki abin kunya matuƙa. Tun kafin ita, a 1818, Thomas Bowdler ya fitar da wasannin Shekispiya bayan an share duk kalmar da ake ganin ba za a karanta ta a gaban iyali ba. A Amurka abin ya zama doka: a 1873 majalisa ta zartar da dokar da ake kira da sunan Anthony Comstock, wadda ta haramta aika duk rubutun da aka ɗauka na batsa ta gidan waya. Dokar ba ta bambance littafin fasiƙanci da na likita yadda ya kamata ba, don haka marubuta suka shiga taitayinsu.

A daidai lokacin kuma birane na cika, matasa na barin ƙauye zuwa masana'antu. Yaron ƙauye ya ga akuya ta haihu, ya ga kaza ta yi kwanci. Ɗan birni bai ga komai ba sai abin da abokai suka raɗa masa. Likitoci suka fara kuka da yawaitar ciwon sanyi da tunjere, kuma a wancan zamani babu maganin da ke kashe su da sauƙi. Iyaye suka shiga tsaka mai wuya: shiru yana cutarwa, magana kuma ta zama laifi.

Mafitar da suka samu ita ce a bi ta lambu. A 1891 Margaret Morley, wata malamar makaranta, ta wallafa littafi da ke hawa da yaro mataki-mataki: fure, kifi, kwaɗo, tsuntsu, sannan dabba mai shayarwa. A 1897 wani fasto, Sylvanus Stall, ya fitar da littafin abin da ya kamata yaro namiji ya sani, likita Mary Wood-Allen ta rubuta na 'yan mata, kuma dukansu wannan tsani suka hau. A 1909 wata likita, Emma Drake, ta rubuta labarin rayuwa da bakin uwa mai yi wa 'ya'yanta mata bayani. Ta tuna musu shuɗɗan ƙwai da suka gani a sheƙar wani ɗan tsuntsu, sannan da ta zo kan rawar uba sai ta koma ga iska da ƙudan zuma masu ɗaukar garin fure. A irin waɗannan littattafai ne tsuntsu da zuma suka haɗu a kan wannan ma'ana. Ba mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro maganar ba. Hanyar koyarwa ce da ta yawaita har mutane suka taƙaita ta a kalma biyu.

Matsalar tsanin nan ita ce sau da yawa ana sauka kafin matakin ƙarshe. A yi shafi talatin a kan fure, a yi layi biyu a kan mutum. Da shugabar makarantun birnin Shikago, Ella Flagg Young, ta kawo likitoci su yi wa ɗaliban sakandare lacca kai tsaye a 1913, shekara ɗaya aka yi aka dakatar. Wata uwa kuma, Mary Ware Dennett, ta duba littattafan da ke kasuwa don 'ya'yanta maza biyu, ta ga duk kewaye-kewaye ne, sai ta rubuta nata a 1915 da bayani a fili. A 1929 kotu ta kama ta da laifi a ƙarƙashin dokar Comstock, aka ci ta tarar dala 300. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke ta a 1930.

A hankali maganar ta fara zama abin dariya. A 1928 mawaƙi Cole Porter ya yi wata waƙar soyayya, daga baya aka buɗe amshinta da tsuntsaye da zuma, kuma masu sauraro sun gane inda ya dosa, alamar cewa kinayar ta riga ta zama sananniya. A 1964 Jewel Akens ya yi waƙa da wannan sunan kacokan. Yau Bature in ya faɗe ta yakan yi murmushi, domin abin da take tuna masa shi ne uba yana zufa yana in-ina, ɗa kuma ya riga ya ji komai a waje.

Sauran Turawa ma suna da tasu. Jamusawa da mutanen Holan da Suwidin suna cewa furanni da zuma. Faransawa kan ce wa yaro ana samun maza a cikin kabeji, mata a cikin furen wardi. A arewacin Turai kuma cewa ake yi wani tsuntsu dangin shamuwa ne ke kawo jarirai, tatsuniyar da Hans Andersen na Danmak ya ƙara yaɗawa a 1839. Kada mu yi musu dariya da yawa, don mu ma a gidajenmu "sayo" jariri ake yi a asibiti.

Shi kansa zuman

Abin mamaki, da a ce yaro zai ɗauki misalin da gaske ya je ya binciki amya, da ya ƙara rikicewa. Ƙudan da ke yawo kan furanni duk mata ne ma'aikata, kuma ba su ne masu haihuwa ba. Uwa ɗaya ce ke yin ƙwai a amya. Tsofaffin malamai tun daga Aristo sarki suke kiran ta, sai a 1609 Charles Butler na Ingila ya yaɗa cewa sarauniya ce. A 1792 François Huber, wani makaho ɗan Suwizalan da yaronsa ke zame masa ido, ya tabbatar cewa a sararin sama take haɗuwa da maza, a wajen amya. Namijin da ya same ta nan take yake mutuwa. A 1845 kuma Johann Dzierzon ya gano cewa mazan zuma daga ƙwan da namiji bai taɓa ba suke fitowa, wato ba su da uba. To wannan ne za a koya wa yaro aure da shi?

Kinaya a wurinmu

Yanzu mu dawo gida. Mu ma'abota kinaya ne, ba mu ƙi ta ba. Alƙur'ani mai girma idan zai ambaci saduwar ma'aurata yakan zo da kalmomi irin su shafa, da kusanta, da shiga, da lulluɓa, ya kira miji da mata tufafin juna a Suratul Baƙara, kuma a nan ne ya kamanta mace da gona. Kalmar da ake fassarawa da bayan gida a ayar taimama asalinta kwari ne, wuri mai gangare da ake fakewa. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wannan salo yana daga karamcin Ubangiji, Yana sakaya abin da Ya so. Sa'alibi, malamin Naisabur da ya rasu a 429 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan kinaya da ta'aridi. Hausa ma haka take: juna biyu, ɓatan wata, ta sauka, fashin salla, gaba, ya yi mafarki.

Amma a lura da wani abu. Idan aka ce wa babba "ta sauka", ya san haihuwa ake nufi. Kalmar aka rufe, ma'anar tana nan a buɗe tsakanin mai magana da mai sauraro. Malaman balaga sun sharɗanta haka: dole hankalin mai ji ya iya ƙetarawa daga lafazi zuwa abin nufi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da bai san komai ba, in ka ce masa tsuntsu da zuma ka yi shiru, ina zai ƙetara? Ba shi da inda zai sauka. Wannan ya fita daga kinaya ya zama wasa ƙwaƙwalwa.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Ummu Sulaim ta zo ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mace tana wanka in ta yi mafarki, ya ba ta amsa a fili. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Sayyidina Ali ya ji nauyin tambaya a kan maziyyi domin 'yar Annabi yake aure, amma bai bar tambayar ba, sai ya aiki Miƙdad. Kunyar ta sauya mai tambaya ne kawai, ilmin ya iso. Kuma a shari'ar Ma'iz, inda hukunci ya rataya a kan kalma ɗaya, Buhari ya ruwaito cewa an yi tambayar ba tare da kinaya ba.

Ku ɗauko Risala, wadda ke kusan kowace makarantar zaure. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, daidai da 996, ya faɗa a gabatarwarsa cewa don a koyar da yara ya rubuta ta, kuma masu sharhi sun ce wanda ya roƙe shi malamin yara ne, Muhriz ɗan Halaf na Tunis. Da an gama babin aƙida, sai babin abin da ke wajabta alwala da wanka. A nan ya bambance maziyyi da wadiyyi da maniyyi, kowanne da kamanninsa da lokacin fitarsa da hukuncinsa, ya yi maganar haila da biƙi. Da ya so ya siffanta warin maniyyi sai ya kamanta shi da na furen dabino. Kun ga shi ma ya shiga gona. Sai dai ya shiga ne ya ɗauko abin da yaron Ƙairawan ya sani don ya ƙara masa haske, ya fito. Wannan kusan shekara ɗari tara ke nan kafin dokar Comstock. Ahalari da Ishmawi da Iziyya duk haka suke. Yaran da suka zauna gaban malami sun ji waɗannan babuka da fassara kalma-kalma, ba wanda ya lalace saboda su.

Shari'a ma ta jera abin daki-daki. Suratun Nur ta umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini a lokuta uku: kafin asuba, da lokacin ƙailula, da bayan isha. Hadisin Abu Dawud ya sa salla a shekara bakwai, raba shimfiɗa a shekara goma. Malikiyya sun lissafa alamomin balaga: mafarki, haila, ciki, tsirowar gashin mara, ko cika shekara goma sha takwas a mashhurin zance. Wanda alƙalami zai hau kansa da ɗayan waɗannan, ai haƙƙinsa ne ya san su kafin su same shi.

A 2019, da aka yi ta ce-ce-ku-ce a nan Gana kan shirin shigar da darasin jima'i a makarantun gwamnati, malaman Musulunci da shugabannin coci sun ƙi, gwamnati kuma ta ce ba za a koyar ba. To da aka rufe waccan ƙofa, wa ya karɓi aikin? In muka ce ba malamin boko ba, mu kuma muka yi gum, mun bar wa wayar hannu ke nan, ita kuwa ba ta san kinaya ba balle kunya. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne: saurayi ya shekara biyu yana salla da janaba don bai san mafarki na wajabta wanka ba, yarinya ta ga jini ta ɓoye tana zaton ciwo ne, ƙaramin yaro wani babba ya taɓa shi inda bai dace ba, ba shi da ko kalmar da zai kai ƙara da ita.

Shawararmu ga iyaye ba ta wuce abin da ke cikin littattafanmu ba. Ƙaramin yaro a koya masa sunan al'aura da tsarki da neman izini, a faɗa masa babu mai ikon duba masa jiki ko taɓawa, in an yi ya zo ya faɗa ba za a doke shi ba. In ya tambayi inda ƙanensa ya fito, a ce Allah ya halicce shi a cikin mahaifiyarsa, wannan gaskiya ce kuma ta ishe shi a shekarunsa. In ya kusa goma, uba ya zauna da namiji, uwa ta zauna da mace, a buɗe babin wanka da na haila. Wanda ya ji nauyi ya yi irin na Sayyidina Ali, ya nemi kawu ko gwaggo ko malama ta yi. Malamanmu na islamiyya kuma, idan karatu ya kawo kan waɗannan babuka, a raba maza da mata, a karanta su cikakku da natsuwa, kada a tsallake.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu kunya irin ta Ansar. Wallahu a'alamu.